Matar Taga ta Uku

A 1989, ina tafinta a kotu, na fara ganinta: sabuwar mai buga tafireta, tana kuka don ta ɓata takardar shari'a. Wani lauya ya rufa mata asiri, ya ce wa alƙali laifinsa ne. Har yau ban san sunanta ba.

Yanzu tana taga ta uku, da furfura da tabarau, inda sai ta kwamfuta ake shigar da ƙara. Ga lauyan nan, ya tsufa, riƙe da takardun wani fursuna. Ƙarfe huɗu wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika.

"Baba, zamanin takarda ya wuce," in ji ta.

"Ni ma na kusa, 'yata."

Ta turo masa kujera, ta ja takardun, tana shigar da su da kanta, shafi bayan shafi.