Mashayar Shanun Inna

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Inna a gidanmu na Haɗeja nake shara mata ƙarya. Bafulatana ce, a fadamar hanyar Baturiya ta tashi tana bin shanun mahaifinta. Bayan la'asar takan jingina da bango ta lumshe ido, shi ke nan ta tafi can. Tana gaya mini ruwa garau, bado ya buɗe, balbelu na sauka a gadon bayan shanu, ita kuma tana tsoma ƙafa. In ta buɗe ido sai ta tambaye ni ko mashayar tana nan yadda ta bar ta. In ce tana nan, Inna.

Alhali ciyawar kacalla ta cinye rabinta. Sauran kuwa ledoji ne da robobin maganin feshi, ga baƙin man injin ban-ruwa yana yawo a sama.

Maƙwabciyarmu malamar zane ce 'yar Kudancin Kaduna, kuma irin wuraren nan take zanawa. Na sha tsokanarta cewa duk faɗin ƙasar Allah ba ta ga abin zanawa ba sai bola. Tana da wata ɗabi'a: ba ta zana wuri sai da ruwansa. Takan ɗebo a jarka ta dama kalolinta, ta kuma shafa lakar wurin a gindin allon.

Da jikin Inna ya ƙara tsanani, ta ce ko a amalanke ne a kai ta ta ga mashayar. Hankalina ya tashi. Na ruga wurin Malama na roƙe ta ta zana mini wurin yadda yake a da. Ta ce hannunta bai saba da ƙarya ba. Na gaggaya mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu, daga baya na fashe da kuka. Ta yarda.

Ranar da ta kawo zanen, lakar ko gama bushewa ba ta yi ba. Duk inda na san akwai leda ta mayar da ita balbela. Ruwan ya kwanta luf, har ni sai da na ji kamar in tuɓe takalmi in shiga.

Inna ta daɗe tana kallo tana murmushi, tana nuna mana inda wata farar saniya take son tsayawa. Sannan ta yi abin da makiyayi ke yi kafin ya saki garke ga ruwa. Ta kai allon hancinta ta sansana.

"'Yar nan, a can kika ɗebo ruwan?" ta tambayi Malama.

"A can ne, Mama."

Ta aje shi a cinyarta a hankali. Ba ta dube ni ba.

"Saniya ba za ta sha wannan ba," in ji ta.

Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake tambayata mashayar ba.