Daren da Kaka ta kira sunan Kawu

Kawu Bukar mai gyaran rediyo ne a kasuwar Gure, amma hankalinsa duk yana kan jirgin sama da yake ƙerawa a bayan gidanmu da injin moto, wato babur, da fallayen kwano. Shekarar da nake aji uku a lekol, makarantar boko, ya kai ga haɗa wayoyin abin ji na kunne, wanda matuƙi ke sawa don ya ji na ƙasa.

Gwajin yana buƙatar wanda zai yi ta magana ba tsayawa. Wa ya kai Kaka? Sai ya jawo doguwar waya daga jirgin har bakin murhun da muke jin ɗumi bayan magariba, ya ɗaure mikro, abin ɗaukar magana, a jikin turmi. Ya koma cikin jirgin da dalmarsa yana liƙe-liƙe.

Kawu ɗan farin Kaka ne. Saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. «Wancan mai kwanon» take cewa. Kuma kowa ya san ba ta barci don tsoron ranar da zai hau abin nan.

Sati guda tatsuniya ɗaya take maimaitawa, har muka gaji. Wai wani mai haƙar rijiya ne, igiya a ƙugunsa, uwarsa na riƙe da bakinta a sama. Ya yi nisa, ya jiyo motsin ruwa, igiya kuwa ta ƙare. Sai ya kwance ta.

Kullum a daidai nan Kawu ke ƙwala kira: «Ta yanke. A sake.» Ko jar waya ta zauna gurbin baƙa, ko dalma ta saki. Kaka ta yi tsaki ta koma farko, mu muna ta mutsu-mutsu.

Ran da Kawu ya ce gobe zai gwada tashi a filin hanyar Bune, tatsuniyar ta wuce wurin ba a ce ta yanke ba. Uwa ta ja igiya, igiya ta zo ba nauyi. Nan Kaka ta bar tatsuniyar. Ta matsa jikin turmi, ta kai baki kan mikro.

«Bukar,» ta ce. «Kar ka hau.»

Innata ta rufe baki da zane. Ni tsoro ma na ji.

Can sai ga Kawu, abin kunnen a hannu. Bai dubi kowa ba. Ya ce wayar ta sake lalacewa, bai ji kome ba. Washegari da kansa ya kwance injin ya mayar wa moto.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ce ta tsorata shi. Sai da na haihu na gane shekara arba'in mutumin nan yana jiran jin sunansa a bakin uwarsa. Ɗana na fari yanzu direba ne a hanyar Agadas. Da sunansa nake kiransa, a gaban kowa. Dangi suna ta surutu wai ba ni da kunya. Su yi ta yi.