Ƙwaurin Kawu Mojibor

Tun yana saurayi Kawu Mojibor ke tuƙa keken ɗaukar fasinja a birnin Barisal, har gemunsa ya yi fari. Bas ta taɓa wurga shi kwata, haƙarƙari ya karye, ya tashi ya karkaɗe zaninsa ya tambayi fasinja ko a ci gaba.

Amma duk ranar da sarƙa ta zame feda ta daki ƙwaurinsa, har masu kwalekwale a bakin kogi sai sun ji ihunsa.

Ran nan abin ya faru yana ɗauke da wata likita. Da ya gama zagin keken da kakannin keken, ta ce, "Baba, wani tantani ne ya lulluɓe ƙashi, cike da jijiyoyi. Shi ke jin zafin. A ƙwauri kuwa babu tsokar da za ta kare shi."

"'Yata, me ake ci tsoka ta fito a wurin?"

"Ba ta fitowa, ko da mutum minista ne."

Tun daga ranar, in feda ta dake shi, sai ya gama ihunsa tsaf, sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Nan dai an raba daidai."