Idon Baba da Kwalaben Burukutu

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ta fi tsaya mini a rai tun zuwana ƙasar nan, ba sai na yi tunani ba. Wata Alhamis ce a watan Yuli, bayan abincin rana, a garejin gidanmu da ke McLeansville, nan Amurka. Shekaru sun tura, amma ba na jin ƙarar da na ji ran nan za ta fita daga kunnena har in koma ga Ubangijina. Ni mace ce mai surutu, kowa ya san ni da haka, sai dai wannan labarin na daɗe ina haɗiye shi.

Mu mutanen Filato ne. Mahaifina manomi ne, kuma da ido ɗaya na taso na gan shi, domin na hagun tun yana saurayi tsinken kara ya tsone shi a gona. Na daman nan da shi ya yi noma, da shi ya rene mu. Da tsufa ya zo sai yanar ido ta rufe shi, ya yi shekara uku yana lalube. Ni da maigidana muka yi ta fafutuka har Allah ya sa aka kawo shi nan aka yi masa aiki.

Ranar da aka cire masa bandeji ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya ƙura mini ido. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata," ya ce, "ashe kin tsufa ban sani ba!"

Na yi dariya ina hawaye, har ma'aikaciyar asibitin ta taya mu ba tare da ta ji me aka ce ba.

Daga ranar Baba ya zama kamar yaron da aka kai kasuwa. Komai sai ya ɗaga ya duba. Cokali, ganye, takalmin jikokinsa. In muka bi titin Wendover sai ya manna fuska a gilashin mota yana cewa duk waɗannan motoci ina za su ne haka. Da safe ya zauna bakin taga yana kallon filin maƙwabta yana tsaki. "Ƙasa baƙa wuluk haka, ba dawa ba gero, sai ciyawa ake yi wa aski!" An riga an yankar masa tikitin komawa a watan Satumba, kuma kullum lissafinsa ɗaya ne: zai tarar da dawa ta fitar da kai, zai ga jikoki biyu da aka haifa yana makaho, zai je kabarin mahaifiyata ya ga ko an kula da shi.

Abu ɗaya ne ya dame ni, ba ya cin abinci. Na yi tuwo, na yi gwate, ya taɓa ya ture. Rannan ya ce, "Girkinki ba laifi, maƙogwaron ne ke kewar gida." Na gane nufinsa sarai. Mahaifiyata burukutu take dafawa, da ita ta yi mana sutura, kuma a gindin tukunyarta na girma.

Na je shagon kayan abincin gida da ke titin Gate City na sayo jar dawa. Na jiƙa, na shimfiɗa a buhu ina yayyafa ruwa har ta yi tsiro, na shanya, na niƙa, na dafa, na bar ta ta kwana, na sake dafawa na tace. Hannuna bai manta komai ba. Da na miƙa wa Baba a ƙwarya tana tsiyayar kumfa, ya daɗe yana kallonta kafin ya kai baki. Ya kurɓa, sannan ya ce, "Uwarki ba ta mutu ba." Ranar ya cinye tuwo malmala biyu.

Amma burukutu ba ta da sirri, ƙamshinta ya cika gida har labule. Maigidana dattijo ne a coci, bai taɓa sha ba, kuma duk Laraba a falonmu ake addu'a. Mutum ne mai sanyin hali, bai yi faɗa ba. Ya ja ni kicin ya ce, "Maman yara, na san don Baba kika yi. Amma ki rufa mini asiri, kada mutane su shigo su ji wannan. Da wane baki zan tsaya gabansu?" Na ce to, na ji. A zuciyata kuwa na ce ƙamshin ne matsalarsa, in na rufe ƙamshin shi ke nan.

Muna da wani maƙwabci, tsohon Bature, da ke dafa tasa giyar a rumfar bayan gidansa. Na taɓa ganin yana ɗura ta a kwalabe yana matse murfi da wani ƙarfe mai hannu biyu. Na je da ɗan Turancina na yi masa bayani. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ara mini ƙarfen, ya ba ni murafu cikin leda da kwalabe shida masu nauyi. Sannan ya ɗauko wata kwalbar daga kwandon shara, irin wadda ake murɗe murfinta da hannu, ya ɗora mini ɗaya a dama ɗaya a hagu don in ji bambancin nauyi. Ya nuna mai nauyin ya gyaɗa kai, ya nuna marar nauyin ya girgiza kai. Ya ƙara da cewa kada in rufe sai giyar ta daina kumfa gaba ɗaya.

Ba zan yi ƙarya in ce ban fahimta ba. Na fahimce shi tsaf. Amma ni a inda na fito kwalba ba abin yarwa ba ce. Kamfani na kwashe ta ya sake cikawa, in ta tsira daga kamfani mu zuba gyaɗa, mu zuba manja, mu zuba kananzir ko zuma, ta shekara goma tana aiki. Kwalba ai kwalba ce, in ji ni. Ban san cewa marasa nauyin nan sau ɗaya ake sha a cikinsu a yar ba, an yi su sirara kamar ƙwan fitila. Batun jira kuwa, na ce Bature bai san burukutu ba. Wadda ta daina kumfa ai ta mutu, ta yi tsami, ba mai sha. Baba ya fi son ta tana tafasa da kanta, da ɗan zaƙinta.

Kwalba shida ba za ta ɗauke tukunyata ba. Ranar kwasar shara na bi layinmu na tsinto goma sha biyar daga akwatunan bakin hanya. Na jiƙa su a ruwan zafi na kankare takardun jikinsu, na wanke su tas har suna walƙiya. Na dafa sabuwar tukunya lokacin da maigida ke wurin aiki, na ɗura tana kumfa, na matse.

Baba na zaune a kujera yana kallona. Ya ce, "Uwata, me kike yi haka?"

"Adana miki nake... adana maka nake, Baba, kullum ka sha ɗaya," na ce, har bakina na harɗewa don sauri.

"Uwarki ba ta taɓa rufe wa giya baki ba. Ko jarka ta zuba, sai ta sassauta murfi. Abu mai rai ne, numfashi yake."

"Baba, nan Amurka ne. Haka ake yi."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ku kuka san ƙasarku."

Wannan maganar tawa, haka ake yi, ita ce ta fi ci mini rai har yau. Mutumin da ya shekara saba'in yana shan abin nan ya faɗa mini gaskiya, na rufe masa baki da sunan ƙasa.

Ban sa su a firij ba, don maigida zai gani. Na jera su a kwali na tura bayan kayan Kirsimeti a gareji. Wanda ya san zafin Yuli a nan ya san gareji tanda ce. Kwana uku suka yi a wurin, Litinin zuwa Alhamis, na bari addu'ar Laraba ta wuce.

Ran Alhamis ina wanke kwanuka na ce bari in gama in ɗauko masa. Ya miƙe ya ce, "Yi aikinki. Shekara uku ana ɗauko mini abu, yau da idona zan je." Na kwatanta masa inda kwalin yake. Na ji tafiyarsa, na ji ya buɗe ƙofar gareji yana 'yar waƙarsa ta coci. Sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, wasu biyu suka biyo baya.

Na tarar da shi zaune a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu, jini da giya sun gauraye suna bin gwiwar hannunsa. Ya ji motsina, abin da ya fara faɗa shi ne, "Uwata, kada ki shigo ba takalmi, akwai kwalba."

Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. Ya ɗauko ɗaya ya ɗaga ta wajen hasken taga, kusa da fuskarsa, yana so ya ga launinta. Halinsa ke nan tun da idon ya buɗe.

Ihuna ne ya kawo maƙwabcin. Shi ya kira motar asibiti, ya hana ni taɓa idon, ya jefa bargo a kan kwalin. Na ga ya tsinci wuyan kwalbar da ta fashe, ya duba bakin, ya ga irin na murɗawa ne, ya dube ni. Ya sa shi a aljihu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sau biyu aka shiga da Baba ɗakin tiyata. Bayan na biyun likita ya zaunar da mu yana zane a takarda, maigidana na fassara mana. Yana cikin fassarar sai ya tsaya, ya kasa ci gaba. Baba ne ya ce, "Faɗi mana, ɗana. Idon ya tafi, ko?" Maigida ya ce, "Ya tafi, Baba."

Da likita ya fita maigidana ya tambaya a hankali, wace kwalba ce wannan, daga ina. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni. "Ni na sa ta. Kwaɗayin tsufa ne, kada ka ga laifinta." Na durƙusa a wurin na ce ba haka ba ne, na faɗi komai: abin da Bature ya nuna mini, abin da Baba ya ce, da dalilin da ya sa na ɓoye a gareji. Ina jiran faɗa. Sai na ga maigidana ya zauna bakin gado ya dafe kai. "Da na bar tukunyar nan a buɗe," ya ce. "Don kada mutum takwas masu zuwa addu'a su ji ƙamshi." Tun aurenmu ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Baba bai yarda an ɗaga tafiyarsa ba. Maigida ya ɗauki hutu ya raka shi har ƙauye. Da safen da za su tashi na kasa haɗa masa kaya, ina ninke riga ina kuka. Ya ce in matso. Ya shafa fuskata da tafinsa tun daga goshi har haɓa.

"Shekara uku ina roƙon Allah ya nuna mini fuskar nan ko sau ɗaya," ya ce. "Ya ba ni sati bakwai. In ce masa me, bai kyauta ba? Share hawayenki. Kuma giyar ta yi daɗi, ta farkon."

Ya tarar da dawa ta fitar da kai kamar yadda ya lissafa. Ƙanena ya ce kullum sai an kai shi gona ya bi zangarniya yana shafawa, ya faɗi wadda ta yi kyau da wadda tsutsa ta taɓa. Jikokin nan biyu a hannu ya san su. Kabarin mahaifiyata ma da hannu ya duba. Bayan shekara biyu aka kwantar da shi kusa da ita, kuma har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba ko a waya.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kwalba. Yanzu da na manyanta na ga kwalba ba ta yi mini ƙarya ba. Mutum biyu suka gargaɗe ni, ɗaya ya san kwalbar ƙasarsa, ɗaya ya san giyar ƙasarmu, na ɗauki rabin maganar kowa na yar da rabin da bai yi mini daɗi ba. Kuma duk don ina gudun in zauna da mijina in ce masa, mahaifina na son abin nan, mu nemi yadda za a yi. Maganar minti biyar ce. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wadda ta zo sabuwa: in wanda ya san abu ya ce miki a'a, tsaya ki ji dalili, in kuma abu ya dame ki a gidanki, faɗe shi a fili tun yana ƙarami. Ni na matse nawa na tura bayan kwali, kuma ba fuskata ya samu ba, ta wanda ya fi kowa sona ya samu.