Tayoyin da Cindo ya ƙi sawa

Cindo mai faci ya yi shekara talatin da wani abu a gindin tsamiyar da ke bakin tashar Yelwa. Da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, kuma direbobi kan tsokane shi cewa da na shidan yake jin ciwon taya. Ba shi da fara'a. Taya in ta zo hannunsa, sai ya murza gefenta, ya lanƙwasa, ya kai hanci ya sansana, sannan ya yi magana in ya ga dama.

A shekarar da aka toshe ruwa a Kainji, Lawali, akawu a ofishin sauya wa mutane matsuguni, ya sayi wata 'yar jar mota mai kujera biyu, marar rufi, a hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu. Motar akwai gudu, amma tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu. Mahaifiyarsa Dudu kuwa tana wani ƙauye wajen Ngaski da ruwa zai cinye, ta rantse ba za ta hau motar kaya kamar buhun gero ba, sai ɗanta ya zo ya ɗauke ta a tasa.

Lawali ya samo tayoyi huɗu masu zurfin haƙori, an goge su sai ƙyalli. Cindo ya lanƙwasa gefen ɗaya, ƙananan tsaga suka buɗe.

"Daga bisa kwano anka sauko da su," in ji Cindo. Mutanen gari kan danne rufin kwano da taya don kada iska ta yaye shi. "Rana ta gasa su ta gama. Kuma sun yi ma wilinka faɗi. Ba ni sa su."

"Malam Cindo, Inna na jira na, ga ruwa na tahowa."

"Don ita nika hwaɗi. Na aika Kaduna, kwana tara tayoyi masu lambar wilinka na isowa."

Lawali ya yi roƙo, ya yi faɗa. Da ya je wajen ɗaya mai facin, shi ma ya ƙi taɓa abin da Cindo ya ƙi. Dole ya zauna jira.

A kwana na takwas ruwa ya haye hanyar ƙauyen. Masunta suka kawo Dudu Yelwa a kwalekwale, tana zaune a kan tabarmarta. Washegari tayoyin suka iso. Cindo ya sa su, ya auna iskar kowace, ya juya wilin yana saurare. Aiki ya yi kyau, sai dai tsohuwar ta ce tunda ɗanta bai zo ba lokacin da ta kira, ba ta shiga motar. Ba ta shiga ba kuwa har ta rasu da bazara.

Tun daga nan Lawali bai sake gaida Cindo ba. Amma duk lokacin da motar ta bukaci taya, sai ya ajiye ta a gindin tsamiya, ya bar makulli a kan kujera, ya tafi a ƙasa.

Ni na tarar da Cindo ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce abin ya yi masa ciwo, har yanzu yana yi. Ya daɗe yana murza wani tsohon tif a cinyarsa.

"Amma da ƙahwarta ta shiga gidan ɗanta," in ji shi.