Hedimastan da ya jira a gama tatsa

Ke Rabi, ajiye wayar nan a kan tabarma, ba sai kin kara mini ita a baki ba. Labarin Malam Ubale kike so, ko? Zan ba ki, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma na san malami in na gan shi. Malam Ubale mutumin Kiru ne, aka turo shi hedimasta a firamaren ƙauyenmu, nan bayan Tudun Wada, shekara bakwai ke nan ko takwas. Gajere ne, yana da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Ya zo ya tarar awaki sun fi yara yawa a makarantar. Waɗanda suka riga shi, ƙararrawa kawai suke bugawa ƙarfe takwas, su koma gindin darbejiya suna ɓarar gyaɗa har azahar.

Shi kuwa gida-gida ya bi, har rugarmu ya zo, ya tsuguna ya gaishe ni. Ya ce, "Inna, me ya hana jikokinki zuwa makaranta?" Na ce, "Malam, ƙarfe takwas wa zai tatsi shanun? Kai?" Ya yi dariya, ya ce yaushe ake gamawa. Na ce sai hantsi ya yi sosai. Manoma ma haka suka gaya masa, da damina yaransu na gona da safe.

Sati guda sai ga shi ya mayar da shiga aji ƙarfe goma, tashi gab da la'asar. Ke, wata bai zagayo ba benci ya kasa, sai da aka shimfiɗa buhuna. Ba ya sa yara su yi ta ihu suna maimaita abin da ya faɗa. Da'ira yake sa su yi, kowa ya faɗi abin da ya sani daga gida, sannan a rubuta shi. Jikata Safara'u, yayarki, abin da ta fara rubutawa a duniya sunan saniyarta ne, Tozali. Ta zo ta zana mini shi a ƙasa da tsinke. Ni ma ya taɓa kira na ajin na nuna musu yadda ake kaɗa mai, yara suna ƙirga bugu nawa kafin ya taru.

Shekara uku ana haka. Rannan wani mai duba makarantu ya zo da mota, ba a san da zuwansa ba, ƙarfe takwas daidai. Ya leƙa aji, ba kowa sai Malam Ubale yana share allo. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗan jira zuwa goma ka gani." Ya ce shi ba zaman jira ya zo yi ba. Ya sa aka tara manyan gari a ƙofar mai unguwa Ɗanliti. Ni ina can gefe da ƙwaryar nono, komai a kunnena.

Ya ce, "Da gaske ne yaranku ba sa zuwa ƙarfe takwas?" Mai unguwa ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya ce, "Wannan hedimastan ne ya canza lokaci ba da izinin kowa ba?" Suka haɗa baki, "Haka ne, ranka ya daɗe." Kin san halinmu, wai ba a musu da baƙo, balle baƙo mai mota. Maza wajen ashirin, kowa da ɗansa a makarantar, ba wanda ya buɗe baki ya ce mu muka roƙa. Sai gyaɗa kai suke kamar ƙadangaru.

Na matso na ce, "Ranka ya daɗe, jikata ta iya karatu." Ɗanliti ya harare ni, ya ce, "Inna, ki bari manya na magana." Manya. Ni na yi masa wankan jarirai, wallahi. Daga nan suka kama zabbi biyu suka sa masa a mota, har da nonona aka juye masa a galan. Ya tafi ƙarfe tara da rabi, ko rabin awar da ta rage goma ta yi bai jira ba.

Takarda ta zo bayan sati uku, an mayar da Malam Ubale can cikin duwatsun Doguwa. Ranar da zai tafi baburin ya ƙi tashi. Su waɗannan masu cewa "haka ne" ɗin, su suka tura masa shi har bakin hanya, suna ta Allah ya kiyaye.

Wanda aka kawo a madadinsa ƙarfe takwas yake buga ƙararrawarsa, muna jin ta muna ƙarƙashin shanu. Safara'u ta je sau biyu da hantsi, aka zane ta wai ta makara. A aji huɗu ta tsaya. Ɗanliti kuwa har yanzu in ya gaishe ni, da hanci nake amsawa.