Taki Sittin Daga Bakin Gulbi

Gonar Gwaggo, yayar mahaifina, tana daidai kwanar gulbi ne, a fadamar da ke ƙasa da ƙauyenmu can wajejen Dakko. Gadonta ce daga kakanmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa mai rai, don haka wannan 'yar gonar ce ci da shanta: shinkafa da damina, albasa da rani. Kowa a gidanmu ya san faɗinta, taki sittin daga bakin ruwa zuwa iyakar maƙwabcinta, wani dattijo mai koyar da karatu a zaure.

Ni kuwa tun tasowata gulbin nan ke ɗaure mini kai. Ya taso ta wajen Gusau, ya ratsa ƙasar Maradun inda aka datse shi, ya wuce gefen Mafara ya gangaro mana, amma bai taɓa yarda ya miƙe ba. Gefenmu gaɓa ce tsaye, mai zurfi, ƙasa na zubewa cikin ruwa gutsure-gutsure. Ƙetare kuwa rairayi ne shimfiɗe, har shanu na sauka su sha. Nakan jefa karan dawa biyu, ɗaya kusa da mu, ɗaya can nesa, in tsaya kallo. Namu ya wuce fuu, na ƙetare yana ta jan ƙafa. Na tambayi mahaifina dalili, ya ce, "Gulbi inda yac ci, ƙetare shika amayarwa." Ban ƙara samun komai daga bakinsa ba. Daga baya na tarar da zancen a littafi har da zane, na yi ta koya wa ɗalibai a Talata Mafara, ina jin kaina wani masani.

Shekarar da abin ya faru, damina ta yi albarka har dam ya cika, dole aka buɗe ƙofofinsa. An yi shela a rediyo, mutane suka kwashe abin da za su iya. Tsofaffi dai har yau ba su saba da ambaliyar da ke zuwa rana tsaka, sama tas ba ko hadari ba. A da, in ji su, gulbi kan yi sallama: ruwa ya yi ja, kumfa da karare su fara wucewa, kwana biyu kafin ya hau. Wannan karon ya kwanta a fadama kusan mako uku. Da ya janye sai ya bar laka da rairayi sun shafe komai, babu kunya, babu fangali, babu iyaka. Fili ɗaya sumul tun daga tudu har bakin ruwa.

Ga lokacin dashen albasa ya matso, Gwaggo ba ta san inda gonarta ta tsaya ba. Na ce wannan ai aikina ne. Ranar Asabar na ari igiyar awo a makaranta, na hau babur, na isa da hantsi. Na ishe dattijon nan tsaye a fili da sandarsa, shi ma yana ta dube-dube. Muka gaisa, gajiya, iyali, ɗalibai, ya muka ji da ruwa. Sannan na kafa turke a bakin gaɓa, na ja igiya, na auna abin da ya yi daidai da taki sittin, na kafa wani turken. Har na maimaita don kada a ce na yi son kai.

Dattijon ya dubi turken, ya dubi tudu. Sannan ya ce, "To, tunda Malam ya auna, ai shi ke nan. Mu ba mu da na'ura." Na ji daɗi ƙwarai. Ban lura ba cewa muryarsa ta yi ƙasa.

Ana haka Gwaggo ta gangaro, fartanya a kafaɗa, zani ɗaure har ƙirji. Ta amsa gaisuwar dattijon a tsanake, ta juyo kaina.

"Malamin boko, mi kaka yi nan?"

"Iyakarki na fitar miki, Gwaggo. Taki sittin cif."

"Daga ina kaf fara ƙirga?"

"Daga bakin gulbi mana."

"Wane bakin? Na bara ko na bana?"

Ni da nake zana wa yara yadda kwanar gulbi ke cin gaɓa, na zo na kafa turke a gaɓar da ba ta kai wata guda da haihuwa ba. Kunya ta rufe ni, na yi ta naɗe igiya kamar wani aiki ne mai wuya.

Ba ta ƙara bi ta kaina ba. Ta juya wa gulbi baya, ta hangi wata giginya a kan tudu, ta yi ta matsawa gefe har giginyar ta rufe wata tsamiya da ke bayanta. A kan wannan layin ta riƙa ja da baya, ta wuce turkena na taki sittin, ta ci gaba da nufar ruwa. Ta tsaya ta sari ƙasa, ba komai. Ta ƙara ja baya ta sara. A wuri na huɗu ta miƙo mini fartanyar ta ce in tona sosai.

Abin da take nema saiwar jema ce. Mutanen fadama kan dasa ciyawar jema a kan iyaka, don saiwarta na nutsewa ƙasa sosai. Ruwa ya kwantar da ganyen, laka ta binne shi, amma saiwar na nan inda aka dasa ta. Na sha ganin jemar nan a gonar, na ɗauka don saƙar faifai kawai ake barinta. Sai da ramin ya kai gwiwata fartanya ta kamo wani damƙin saiwa baƙi. Gwaggo ta tsinko sili ɗaya, ta murza, ta shinshina, ta miƙa wa dattijon. Shi ma ya shinshina ya gyaɗa kai. Na karɓa don son sani, ƙamshi ne mai sanyi, irin na randar da aka jefa wa saiwa.

Daga ramin zuwa bakin ruwa na taka da ƙafata, taki goma sha ɗaya. Sauran duk gulbi ya cinye. Da an bi awona, da na yanko mata kusan rabin gonar bawan Allahn nan, kuma ya yi shiru zai bari.

Dattijon ya ce, "Hajiya, ki bar turken inda yake, ko na bana kaɗai. Ni ina da ta tudu."

"A'a, Malam. Gulbi yac ci mini, ba kai ba. In na ci taka, da wane baki zan gaya ma Allah?" Ta tafi da kanta ta tumɓuke turkena, ta dawo da shi bakin ramin, ta buga da ƙotar fartanya. Sannan ta nuna ƙetare da haɓa, inda sabon rairayi ya faɗaɗa har wasu sun fara jan fangali. "Ga tawa can. Kakanku yac ce gonag ga ma daga wajensu taz zo. Gulbi shina juyowa, sai dai ba shi gaugawa."

Ta dasa albasa a taki goma sha ɗayan nan, ta ci shekara biyu. A ta uku ruwa ya tafi da sauran, har jemar. Dole ta yarda ta dawo wurinmu a Mafara, abin da ta daɗe tana ƙi. Zaman gari bai karɓe ta ba. Duk wanda ya zo daga ƙauye, da an gama gaisuwa tambayarta ɗaya ce: rairayi ya fara taruwa ta gefenmu? A ce mata tukuna. Ta ce to, ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuma na koma ina ta bincike, ina tambayar masunta da masu jirgi ko shekara nawa kwanar gulbi ke ɗauka kafin ta juya. Kowa da amsarsa, babu wadda zan iya kai mata.

Ta rasu shekara huɗu ke nan. Bara da rani na je ƙauye gaisuwa, na gangara fadama ni kaɗai. Gulbi ya yanke kwanar daga sama, ya koma cin ƙetare. A gindin gaɓarmu wani siririn rairayi ya fito, ciyawa har ta fara tsirowa a kai. Na sauka na taka shi, taki bakwai. Na tsaya a wurin da labarin a bakina, na rasa wanda zan kai wa.